Wasiƙar Hannu da Saƙon Waya: Wanne Ya Fi Riƙe Tarihin Dangi?

Saƙon waya ya fi sauri, babu musu. Amma WhatsApp sai a 2009 ya fito, kuma da zarar waya ta ɓace ba a adana saƙonnin a wani wuri ba, hirar shekaru ta tafi ke nan.

Wasiƙa kuwa ba ruwanta da caji. Takarda mai kyau, in an tsare ta daga danshi da gara, takan haura shekara 100. Jika zai buɗe ta ya ga kwanan wata, hatimin gidan waya, sunayen 'yan uwan da aka gaisar ɗaya bayan ɗaya, har wurin da hannun kakarsa ya yi rawa. Wannan rawar hannun ce ta fi taɓa zuciyata. Rauninta dai guda ce tak, in gobara ta cinye ta babu madadinta.