Cinkwe Tere ko gaɓar Amalfi? Amsa ga ƙanwata ta Pantami

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaye ni wanne za ki zaɓa a Italiya, Cinkwe Tere daga La Spezia ko gaɓar Amalfi daga Napoli. Tunda jirgin ruwan naku na yawon buɗe ido zai yini a La Spezia, ya kuma yini a Napoli, kuma kin ce fita ɗaya aljihu zai ɗauka, ki ɗauki ta La Spezia ki tafi Cinkwe Tere. Ni da Alhaji duka biyun muka yi a 2023, lokacin da babban ɗanmu ya biya mana tafiyar bayan na yi ritaya daga koyarwa. Ɗaya har yau ina ba jikoki labarinta, ɗayar kuwa in na tuna kuɗinta raina ɓaci yake yi.

Cinkwe Tere, wanda za ki ga an rubuta Cinque Terre a allunan tasha, ƙauyuka ne biyar da aka kafa a jikin dutse suna kallon teku: Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza da Monterosso. Jirgin ƙasa ne ya haɗa su, yana ratsa cikin dutsen ta rami. Daga babbar tashar La Spezia zuwa Riomaggiore wajen minti 10 ne, tsakanin ƙauye da ƙauye kuma ba ki gama gyara zama ba an iso. Akwai katin yini da ake sayarwa a tashar, da shi za ki hau ki sauka yadda kika ga dama har yamma. Abin da ya kwantar min da hankali ke nan: duk ƙauyen da kike, kin san jirginki na ruwa bai yi nisa ba, kuma babu cunkoson mota da zai tare ki.

Mu Vernazza ce ta kama mu. Daga tasha titi ɗaya ne ya gangara har bakin ruwa, gidaje ja da rawaya da ruwan hoda sun hau kan juna, mata sun shanya kaya a tagogi, ƙananan kwale-kwalen masunta an jawo su har cikin dandali. Alhaji, da tun daga Gombe yake cewa shi bai ga abin kallo a ruwa ba tunda ya san madatsar ruwan Dadin Kowa, ya samu dakali ya zauna ya yi shiru. Can sai na ji yana ta maimaita subhanallah. Muka sayi soyayyun ƙananan kifi a ƙunshin takarda, aka matsa musu lemun tsami. Dattijuwar da ke shagon ta lura da mayafina, tun ban tambaya ba ta nuna min wani abu a cikin gilashi ta girgiza kai, alamar akwai alade. Sannan ta nuna mana hoton da ke bango, na ambaliyar Oktoban 2011, lokacin da laka da duwatsu suka gangaro suka cike wannan titin. Ba ma jin yaren juna, amma mun fi minti 20 tare. Na fito ina ganin girman mutanen garin, domin da hannunsu suka kwashe lakar suka koma sana'a.

Kada ki ce sai kin taka biyar ɗin. Uku sun isa. Manarola don hoto, Vernazza don zama, Monterosso don ita ce mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da rairayin bakin teku. A can muka samu gefe muka shimfiɗa sallaya muka haɗa azahar da la'asar, ƙasaru, ba wanda ya dame mu. Corniglia ki bar ta idan akwai mai ciwon gwiwa a cikinku. A saman dutse take, daga tasha matakala ce sama da 370, sai dai a jira ƙaramar bas. Hanyar ƙafa da ke tsakanin Riomaggiore da Manarola, Via dell'Amore, mu mun tarar da yawancinta a rufe tun zaftarewar duwatsu ta 2012. An sake buɗe ta a 2024, da tikiti ake shiga, kuma ba ta da hawa.

Gaɓar Amalfi kuwa, Positano, ɗaya daga cikin garuruwanta, tana da kyau in an hango ta daga sama, wannan ba zan hana ta ba. Amma yininmu a mota ya ƙare. Hanyar siririya ce, kwana bayan kwana a gefen rami, ki ɗauki hawan dutsen Tula na jiharmu ta Gombe ki tsawaita shi ki cika shi da manyan bas-bas. Na yi amai sau biyu, aka ba mu ƙasa da awa guda a garin Amalfi, sauran lokacin direba ya kai mu shagon tangaran na wani abokinsa. A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe mu, idona na kan agogo, bakina na salati. Wanda zai kwana biyu ko uku a can zai more. Ba wurin mai yini ɗaya ba ne.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Wannan fitar ta Amalfi a intanet muka saye ta wajen wani da ya yi mana alkawarin gari huɗu, biyu muka gani. A bakin tashar ruwa ta Napoli ma za ki tarar da masu riƙe da hotuna suna kiran ki, su ce za su kai ki Pompeii da Positano da Amalfi da Ravello su dawo da ke kan lokaci. Yinin ba zai ɗauka ba. Wani zai faɗi kuɗi kamar na mota ne gaba ɗaya, sai an yi nisa ya ce na mutum ɗaya ne. Ki kuma sani, jirgin ruwan yana jiran waɗanda suka sayi fita daga hannunsa idan sun makara, amma wanda ya fita da kansa ba a jiransa. Kwalaben nan masu ruwan rawaya da ake ba mutane ɗanɗano kyauta, limoncello, giya ce, ba ruwan lemo ba. Nan gida kuma ki kiyayi masu tallar tafiyar jirgin ruwa a WhatsApp suna cewa har da biza. Tikitin jirgi daban, bizar Shengen ta shiga Italiya daban, kada ki miƙa fasfo ko kafin alƙalami ga wanda ba ki san ofishinsa ba.

Ranar La Spezia ku fita da wuri, kafin jama'ar sauran jirage su cika tasha. Bas ce za ta fitar da ku daga cikin tashar ruwa, daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 25, ko ku ɗauki tasi. Idan tikitin takarda kika saya, ki saka shi a na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa hatimi kafin ki hau, in ba haka ba tara ce. Jaka ki rataye ta a gaba, don akwai 'yan sane a cikin turmutsutsu. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba. Ki rubuta lokacin rufe ƙofar jirgin ruwa a takarda, ki kamo hanyar dawowa saura awa biyu.

Ranar Napoli ba sai kin kashe komai ba. Tashar ruwan a cikin gari take, tsohuwar fadar Castel Nuovo tana nan gab da ita. Ki zaga da ƙafa, ki ci fiza margarita, wadda tumatir ne da cuku da ganye kawai, ki koma ɗakinki ki huta. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ki gaida min Hajiya.