Sabwufa mai sauƙin kuɗi a gidan bene: abin da na gani bayan na zauna da ita

Wanda ke zaune a gidan bene, da mutum a samansa da mutum a ƙasansa, in ya tashi sayen sabwufa, wato sifikar da aikinta fitar da sauti mai kauri kawai, ba kunnensa kaɗai yake yi wa ciniki ba, har da na maƙwabta. Da wannan tunanin na zaɓi tawa, kuma yanzu da na jima ina amfani da ita zan iya cewa ƙaramar sabwufa rufaffiya mai arha ta wadatar da falon haya, matuƙar an ajiye ta inda ya dace kuma an san lokacin rage mata murya. Ba ta girgiza gini, ni ma dama ba girgiza gini nake nema ba.

Tawa mai inci 10 ce, akwatinta a rufe ruf babu ramin iska, amfilifayarta a cikinta. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin masu arhar nan in ka juya bayansu kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su: maɓallin murya, maɓallin iyakar sauti, ɗan makunnin da aka rubuta wa 0 da 180, sai ramin waya. Abin da zan faɗa a kan tawa, mai daɗi da marar daɗi, zai hau kan yawancinsu.

Sifikun da nake da su ƙanana ne, na kan kanta. Magana tana fita tas, amma da an zo wurin tsawa ko tashin jirgi sai sautin ya fito fayau babu nauyi. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, in ya yi ƙasa sautin ya yi kauri), ƙananan sifiku kuwa da an sauka wajen 80 ko 60 sun fara sarewa. Ga shi kuma finafinan da aka haɗa sautinsu a tsarin 5.1, biyar ɗin layukan sifiku ne, wannan ɗayan da ke bayan ɗigo layi ne na rugugi zalla, daga 120 Hz zuwa ƙasa. In babu sabwufa, ko dai a zubar da shi ko a ɗora wa sifikun da ba za su iya ɗauka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wannan rugugin bai san bango ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska. Tsawon kaɗawa ɗaya ta sautin 1,000 Hz kusan santimita 34 ne, na 40 Hz kuwa ya haura mita 8 da rabi, wato ya fi falon kansa tsawo. Da nauyinsa bango ke tare sauti, kuma duk lokacin da adadin Hz ya ragu da rabi, abin da bangon ke iya tarewa yana raguwa da kimanin dB 6 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Shi ya sa maƙwabci ba ya jin abin da jaruman fim ke cewa, dum-dum ɗin kawai ke isar masa, kuma wannan ya fi ban haushi, tun da ba ya ma iya bin labarin. Labule mai kauri da kafet da soson da ake mannawa a bango ba sa tsinana komai a nan. Amsa-kuwwar cikin ɗaki suke ragewa, ba abin da ke ƙetarawa ba.

Na daɗe ina wasi-wasi tsakanin rufaffiya da mai ramin iska. Mai rami ta fi ƙara da ƙarfin wuta ɗaya, musamman a daidai inda aka saita ramin, amma ƙasa da nan sai ta faɗi da sauri, dB 24 a duk ragin rabi, ita kuwa rufaffiya a hankali take sauka, dB 12. Ƙaramin ɗaki da kansa yana ƙara wa can ƙasan ƙarfi, to sai ya cike wa rufaffiya abin da take rasawa. Akwai masu rami masu kyau ƙwarai, ban musa ba. Sai dai a ɓangaren arha, da yawa an gina su ne don su burge mai saye a minti biyun farko, su yi ta bugun wuri ɗaya, in an matsa musu kuma ramin ya soma huci. Na duba Polk PSW10, mai inci 10 da wat 50 da raminta a gaba, na duba Yamaha NS-SW050 mai inci 8, duka biyun suna da masoya da yawa. Wadda raina ya biya ita ce SVS SB-1000 Pro, rufaffiya mai inci 12 da wat 325, wadda ake saita ta da manhajar waya daga kan kujera. Aljihu ne ya ce a'a.

Maganar wat kuwa, kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Wanda aka rubuta wa RMS, wato ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, shi ne abin dubawa. Wanda aka rubuta wa PMPO kuwa ado ne. Kuma ninka wat sau biyu dB 3 kacal yake ƙarawa, sai an ninka shi sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka. A falon haya ni ban taɓa kai maɓallin muryar tawa rabi ba.

Abin da ya fara burge ni ba fashe-fashen fim ba ne, kiɗa ne. A waƙar da na sani sarai, jita mai kauri da a da nake jin ta a dunƙule sai ga ta ta warware, kowace tsirkiya da nata amon, ganga ta buga ta tsaya cak ba ta jan jela. Ƙananan sifikun ma sun sami sauƙi da aka sauke musu kayan da ba nasu ba, magana ta ƙara fitowa. A fim, rufe ƙofar mota ya sami nauyi, tsawa tana tahowa daga nesa kafin ta fashe. Na gwada ta da sautukan gwaji da ake samu a intanet: a 50 da 40 Hz tana nan daram, a 35 da saura, a 30 ta yi laushi, a 25 kuwa faifan kawai kake gani yana kai da komo, kunne bai samun abin kirki. Ga mai gidan kansa wannan naƙasu ne. Ga ni, can ƙasan da ba ta kaiwa shi ne dama wanda ya fi ratsa gini, don haka ban yi kukan rashinsa ba.

Wurin ajiyewa ya fi komai canza ta, har ya fi bambancin da ke tsakanin wannan kamfani da wancan. A kusurwa ta fi ƙara, ta kuma fi kumbura, ga shi tana dukan bango biyu kai tsaye. Kowane ɗaki yana da sautin da yake riƙewa gwargwadon tsawonsa: falo mai mita 4 yana kumbura abin da ke wajen 43 Hz, in kana jikin bango ya cika maka kai, in ka tako tsakiyar ɗaki ka neme shi ka rasa. Dabarar da masu harkar ke yi ita na bi. Na ɗora sabwufar a kan kujerar da nake zama, na saka kiɗa mai bes, na bi gefen bango da rarrafe ina saurare, uwargida tana tsaye tana ta dariya. Inda ka ji bes ɗin ya daidaita, nan za ka ajiye ta. Wurare biyu na samu, na ɗauki wanda ke dab da kujera, in na miƙa hannu ina taɓa ta. Ƙasa da 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda sauti ke fitowa, saboda haka ba ka jin cewa a gefenka take. Ribar kuwa babba ce: da yake tana kusa, da 'yar murya kaɗan nake samun abin da nake so, abin da ke isa bango ya ragu.

Sai batun ƙasa. Wani dattijo ne ke zaune a ƙasana, na same shi na ce, "Baba, wata alfarma nake nema. Za a kunna fim a sama, ni kuma in zauna a falonka in ji abin da kake ji." Ya yi murmushi ya ce, "Shigo mana, ɗana, ai gara da ka zo da kanka." Uwargida tana sama da rimot, muna magana ta waya. Da akwatin yana zaune kai tsaye a kan daɓe, murfin fitilar silin ɗinsa sai da ya yi ta zirrr, kofunan gilashin cikin kabad suna amsawa. Na hau na shimfiɗa wa sabwufar roba mai kauri, irin wadda ake sa wa injin wanki a ƙasa, na dawo. Fitila ta yi shiru, kofuna sun yi shiru. Amma rugugin bai tafi duka ba, ana jin sa can ƙasa-ƙasa kamar babbar mota ta tsaya a waje injinta a kunne. Robar tana yanke girgizar da ke bi ta jikin gini ne kawai, wadda ke bi ta iska tana nan. Haka abin yake ko da na kamfani ka saya, irin su Auralex SubDude ko ƙafafun SVS SoundPath. Suna aiki, amma ba sa mayar da fulat gidan kanka. Muka yi ta ragewa har ya ce ya daina ji, na manna ɗan tef a daidai wurin a jikin maɓallin murya. Ya ce da rana ba ruwansa, amma bayan ƙarfe goma yana son barcinsa.

Saitin risiba, wato na'urar da ke rarraba sauti zuwa sifiku da sabwufa, bai da wuya. Ka nuna mata sifikunka ƙanana ne, ka sa iyaka a 80 Hz, wadda ita ce ƙa'idar THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin silima, ka murɗe maɓallin iyakar da ke bayan sabwufar zuwa ƙarshe don kada risiba da sabwufa su tace sautin sau biyu. Makunnin 0 da 180 kuwa gwada duka biyun, ka bar shi inda bes ya fi cika a kujerarka. Abin lura ɗaya ne da dare. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa in an rage murya, sauti mai kauri ne ke fara ɓacewa a kunne. Don haka hannu yakan kai ga ƙara wa sabwufa daidai lokacin da gari ya yi tsit, wasu risibobin ma suna da tsarin da ke ƙara bes da kansa in an rage murya. Da rana yana da daɗi, da dare ni kashe shi nake, in kunna tsarin dare wanda ke danne fashewa ya ɗago magana. Wasu risibobin Denon da Marantz suna da Audyssey LFC, wanda aka yi shi musamman don rage bes ɗin da ke ratsa bango.

Inda arhar ta nuna kanta shi ne a ƙananan abubuwa. Tsarin kunna kai yana da nauyin barci: in murya tana ƙasa sai ta ƙi farkawa, ko ta kwanta a tsakiyar fim in an daɗe ana hira, sai an yi wata fashewa ta farka a makare da ɗan ƙas. Maganinsa shi ne a ƙara abin da risiba ke aiko mata, a rage maɓallinta na baya. Maɓallan duk a baya suke, babu rimot, kuma na muryar ɗan taɓi kaɗan ya yi tsalle. Fitilarta shuɗiya tana haska ɗaki da dare, sai da tef ya rufe mata ido. Ta kuma taɓa yin wani gunji marar yankewa lokacin da take soket daban da risiba. Da na haɗa su a soket ɗaya ya ɗauke. Fatar jikin akwatin leda ce mai kamar katako, gefe ɗaya har ya fara ɗagowa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya sa na yi nadama, amma wanda ya ƙara kuɗi waɗannan ne zai huta da su.

Wanda falonsa babba ne, ko yake haɗe da wurin cin abinci babu ƙofa, inci 10 rufaffiya za ta yi masa kaɗan, ya nemi mai inci 12. Wanda benensa na katako ne ya san cewa aikinsa ya fi na mai siminti, roba a ƙasa dole ce. Wanda kuma kallonsa duk na tsakar dare ne, gaskiya kuɗinsa ya fi amfani a kan hedifon mai kyau, ko ƙaramar na'urar nan da ake ɗaurewa a ƙarƙashin kujera tana girgiza ta babu ƙara, irin Dayton Audio BST-1. Ita nake shirin ƙarawa, in ɗora ƙafafun kujerar su ma a kan roba, don finafinan bayan ƙarfe goma.