Windows, Mac, Linux ko Chromebook: Wacce Ta Fi Dacewa da Makaho Mai Aiki da Kunne?

Mai gani idan zai sayi laftof, allo yake fara dubawa. Makaho kuwa allon ba shi da wani amfani a gare shi. Abin da zai zauna da shi kullum shi ne muryar da ke karanta masa rubutu, da kibod, da kuma yadda manhajojin aikinsa ke jituwa da wannan murya. Duk waɗannan sun rataya ne a kan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Saboda haka kafin a yi maganar HP ko Dell ko Apple, sai an fara yanke shawara tsakanin Windows, macOS, Linux da ChromeOS. Tambayoyi biyu ne ke raba gardama: wane aiki za ka riƙa yi, kuma wa zai taimake ka ranar da kwamfutar ta yi shiru?

Windows

Ga mafi yawan mutane, amsar ita ce Windows, kuma dalilin ba kyawunta ba ne. Ita kaɗai ce ke ba ka manhajojin karanta allo guda uku a na'ura ɗaya. Akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006, kuma kyauta ce. Akwai JAWS ta kamfanin Freedom Scientific, wadda ta fito a Windows a 1995; ana biyan lasisinta da dala, idan ba ka biya ba tana aiki na minti 40 sannan ta nemi ka sake kunna kwamfutar. Sai Narrator, wadda ke zuwa a cikin Windows, ana tashe ta da Control, Windows da Enter. Amfanin wannan yawa shi ne, idan wani shafin banki ko na rajistar makaranta ya gagari ɗaya, sai ka gwada ɗayar. A binciken masu amfani da manhajar karanta allo da ƙungiyar WebAIM ta fitar a 2024, sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka amsa Windows suke amfani da ita, JAWS da NVDA kuma kusan kunnen doki suke. Ma'anar wannan a aikace: idan ka maƙale, akwai yiwuwar wani a ƙungiyar makafi ta WhatsApp ya taɓa maƙalewa a daidai wurin.

Mai aikin ofis a nan ya fi samun sauƙi. Word, Excel da Outlook sun fi jituwa da NVDA da JAWS fiye da yadda suke da kowace murya a wani tsarin. A Excel za ka iya sa a riƙa faɗa maka kan layi da kan ginshiƙi duk inda ka matsa, abin da ba ƙaramin taimako ba ne ga mai shigar da makin ɗalibai ko lissafin albashi. A intanet, harafi ɗaya ke kai ka inda kake so: H zuwa kanun rubutu, B zuwa maɓalli, E zuwa gurbin rubutu, T zuwa jadawali. Idan aka turo maka takardar da hoto ce kawai, maɓallin NVDA (wato Insert ko Caps Lock, wanda ake haɗawa da wasu don ba NVDA umarni) da R zai sa Windows ta karanto rubutun da ke ciki. Sannan NVDA tana zama a filashi, ka soka a kwamfutar ofis ko ta kafe ka yi aikinka ka zare. Amma ka sani wannan kwafin na filashi ba ya magana a shafin shigar da kalmar sirri, kuma ba ya karanta tagar da Windows ke neman izinin mai gida. Sai wanda aka girka sosai.

Shin JAWS ta cancanci kuɗinta? Idan ma'aikatarku na amfani da wata tsohuwar manhaja da aka rubuta wa JAWS gyare-gyare na musamman, ko kuma su ne za su biya, e. In ba haka ba, fara da NVDA. JAWS ɗin da ake fasawa a shaguna a zuba wa mutane, a guje ta: ba ta karɓar sabuntawa, sai burauza ta ci gaba ta bar ta a baya, ga haɗarin ƙwayar cuta a na'urar da kake shiga banki da ita.

Inda Windows ke ba da ciwon kai shi ne sauti. Laftof da yawa suna zuwa da manhajar ƙawata sauti wadda ke kwantar da katin sauti don tanadin batir, sai ka ji farkon kowace kalma ya guntule, ko murya ta riƙa zuwa a makare bayan ka danna. Maganinsa a kashe ƙarin gyaran sauti a saitin na'urar; idan ya ƙi, ƙaramin katin sauti na USB yana warware matsalar. Shi ma ya kamata ya zauna a jakarka kullum, domin wata sabuntawar kan lalata direban sauti, kuma kwamfutar da ba ta magana ba ka da hanyar gyara ta kai kaɗai. Haka nan a kula da laftof mai arha da ke zuwa a yanayin S: ba ta karɓar manhaja sai daga shagon Microsoft, don haka NVDA ba za ta shiga ba sai an fitar da ita daga wannan yanayin.

Mac

Mac abin sha'awa ce tun daga kwali. Ka buɗe, ka danna Command da F5, VoiceOver, manhajar karanta allo ta Apple, ta fara magana, ka saita komai ba tare da ka kira kowa ba. Tun 2005 Apple ta sa ta a cikin tsarin, tana kuma aiki har a sashen farfaɗo da na'ura idan abu ya lalace. Sifikokinta masu kyau ne, kuma batirin waɗanda aka yi daga 2020, masu injin M1 da na bayansa, yana iya kai ka wuni. A garin da wuta ke zuwa awa uku ta ɗauke, wannan ba abin rainawa ba ne.

Sai dai mai iPhone kada ya ɗauka abu ɗaya ne. VoiceOver ta Mac tana ganin allo a matsayin rukuni a cikin rukuni. Sai ka shiga rukuni da Control, Option, Shift da kibiyar ƙasa, ka fito da kibiyar sama, kuma wasu umarnin na cin yatsu huɗu. Wanda ya saba da Windows zai yi makonni yana jin kamar an ɗaure masa hannu. Babban abin dubawa kuma shi ne ba ta da mataimakiya. Idan VoiceOver ta tsaya tana cewa burauzar Safari ba ta amsawa, abin da masu amfani da ita suka daɗe suna kuka da shi, ko ta kasa karanta wani shafi, babu ta biyu da za ka kunna. Dogayen takardun Word masu jadawali da manyan fayilolin Excel sun fi wahala a nan. Masu injin M ba sa karɓar Boot Camp, hanyar girka Windows kai tsaye a Mac, sai dai a gudanar da Windows a ciki ta Parallels ko VMware Fusion, kuma kibod ɗin Mac ba shi da Insert, sai ka yi dabarar mayar da wani maɓalli madadinsa. Biyan kuɗin Mac don a ƙare a Windows ba ciniki ba ne.

Wanda ta fi yi wa rana shi ne mai haɗa sauti da waƙa, saboda manhajar Logic Pro, ko da yake takwararta Reaper, tare da OSARA mai sa ta jitu da murya, na aiki a Windows da Mac duka. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a like take, ba a ƙarawa daga baya, gyaranta kuma sai manyan birane. Idan ta hannu ce, ka tabbatar mai ita ya cire asusunsa na Apple a gabanka, kuma ba ta ƙarƙashin kulawar wani kamfani, in ba haka ba ka sayi ƙarfe.

Linux da Chromebook

Linux kyauta ce kuma tana raya tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Muryarta Orca ce, ana kunna ta da Super (maɓallin Windows), Alt da S. A wajen girka Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, kuma, danna S sannan Enter yana sa mai girkawar ya yi magana. Ga mai kula da sabar ko mai rubuta manhaja a tagar umarni, manhajojin karanta allo Speakup da BRLTTY abin dogaro ne. A tebur mai tagogi ne ake shan wuya. Teburan MATE da GNOME sun fi sauran jituwa da Orca, amma sauyin da ake yi daga tsohon tsarin nuna tagogi na X11 zuwa sabon na Wayland ya taɓa yadda Orca ke kama maɓallai, har abin da ya yi aiki a wannan fitowar kan iya canzawa a ta gaba. Ba kwamfutar farko ba ce ga mai koyo, sai in akwai gwani kusa. Mai son umarnin Linux kawai yana iya samunsu a cikin Windows ta WSL, NVDA na karanta masa.

Chromebook, wadda ke tafiya da ChromeOS, muryarta ChromeVox ce, ana kunna ta da Control, Alt da Z. Tana da arha, tana tashi da sauri, ta ishi ɗalibin da aikinsa bai wuce Gmail da Google Docs ba. Amma kusan komai nata na son intanet, ba ta ɗaukar NVDA ko JAWS, kuma abin da ka koya a kanta ba zai bi ka ofis ba. Na hannu da yawa daga makarantun waje suke fitowa, wasu a kulle da rajistar makarantar, wasu kuma wa'adin sabuntawarsu ya ƙare.

Maganar Hausa da Larabci

Wannan ba za ka ji shi daga bakin mai shago ba. Muryoyin da aka saba samu na Turanci ne da Faransanci da Larabci da makamantansu. Muryar Turanci idan ta ci karo da Hausar boko takan murɗe wasula, haruffa masu lanƙwasa kuma, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ko ta tsallake su ko ta raba kalmar biyu. Dabara ita ce a ari muryar harshen da rubutunsa ke bin furuci. Muryar Indonesiya tana furta c da j kamar yadda Bahaushe ke furta su, wasulanta ma sun yi kusa. Akwai ta a Windows da Mac. eSpeak NG, da ke zuwa tare da NVDA kuma ita ce Orca ta fi amfani da ita, tana da Suwahili. Ba za ka samu karin sauti ko tsawon wasali ba, amma za ka gane abin da aka rubuta. Su kuma masu lanƙwasa, ƙamus ɗin furuci na NVDA yana ba ka damar cewa a karanta ƙ kamar k a cikin kalma, ka kuma ba ta suna na daban don lokacin da kake bin harafi ɗaya-ɗaya. VoiceOver da Orca ma suna da wurin gyaran furuci, sai dai na NVDA ya fi ba da sarari. Windows tana da tsarin kibod na Hausa da za a ƙara daga saitin harshe. Mai karatun Larabci ya saukar da muryar Larabci, ya kunna sauya harshe kai tsaye. Yana aiki ne idan an yi wa rubutun alamar harshensa, in ba a yi ba sai ka sauya da hannu.

A shago

Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da filashi mai NVDA da iyafis ɗinka mai waya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0, wato sashen tsaro na na'urar, kuma idan injin Intel ne, ƙarni na 8 zuwa sama. Lambar injin ce ke faɗa: i5-8250U ƙarni na 8 ne, i5-6300U na 6. ThinkPad T480, EliteBook 840 G5 da Latitude 5490 suna cikin na hannun da ake samu, amma wasunsu sun zo da ƙarni na 7, don haka kada ka dogara da sunan. Danna Windows da R, rubuta msinfo32, ka ji da kunnenka. Idan mai shago ya ce ya tura Windows 11 a kan tsohon inji da dabara, sabuntawa na iya tsayawa wata rana.

RAM kada ta gaza gigabait 8, 16 ta fi, domin manhajar karanta allo na aiki ne a kan duk abin da ka buɗe. Ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla 256. A kan tsohon faifai mai juyawa, murya kan yi jinkirin da zai sa ka danna abu sau biyu. Allo mai ƙyalli da katin hoto na wasanni asarar kuɗi ne da batir. Don sanin lafiyar batir, rubuta powercfg /batteryreport a tagar umarni, ka kwatanta ƙarfinsa na asali da wanda yake ɗauka yanzu.

Sannan ka shafa kibod a natse. Akwai Insert shi kaɗai, ko sai an haɗa da Fn? Idan babu, Caps Lock zai maye gurbinsa. Home, End, Page Up da Page Down fa? Kibiyoyin suna rarrabe yadda yatsa zai gane su? Akwai ɗan tsaga tsakanin rukunin F1 zuwa F12? A laftof da yawa layin nan na ƙara sauti da haske ne sai an kulle Fn, wanda a ThinkPad da Dell ake yi da Fn da Escape. A kula da wanda ke kashe sauti gaba ɗaya, a liƙa masa ɗan tabo. Kibod ɗin Faransa da ya yawaita a Nijar ba matsala ba ne, tunda daga saiti ake zaɓar jerin haruffa. Siffar Enter da Shift na hagu ne kawai za ka saba da su.

BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ba ta magana a PC. Saboda haka kafin ka bar shagon, ka sa mai gani ya tabbatar babu kalmar sirri a kanta, ya kunna TPM, ya daidaita layin F yadda kake so, ya kuma faɗa maka maɓallin da ke buɗe jerin abin da kwamfutar za ta tashi da shi, da sau nawa za ka danna kibiya kafin ka kai filashi. Da wannan, ranar da za ka sake girka Windows, Narrator za ta karɓe ka da zarar shafin farko ya buɗe ka danna Control, Windows da Enter. Idan BitLocker, makullin ma'ajiya na Windows, a kunne take, ka kwafi mabuɗin farfaɗowarta mai lamba 48 zuwa wayarka, domin shafin da ke neman sa shi ma shiru yake.