Tsohuwar kyamara ko sabuwa mai tsada?

Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohuwar Canon 600D, kana tambaya ko sai ka tara kuɗin sabuwa irin ta ƙwararru kafin hotunanka su yi kyau. Mu jera su a wuraren da za ka yi aiki nan Zariya.

Da hantsi ko bayan la'asar, a Ƙofar Doka ko gindin Dutsen Kufena, da wuya ka bambance aikinsu. Tun 2011 aka fitar da 600D, amma megafiksel 18 ɗinta, wato ɗigo miliyan 18 da ke haɗuwa su zama hoto, sun isa a wanke hoton da za a rataya a bango. A nan inda ka tsaya da lokacin da ka zo su ne aikin. Mai tsadar ma, in ka ɗauki mutum da azahar rana na bisa kai, idanunsa inuwa za ta cinye su.

Cikin duhu ne sabuwa ke nuna kuɗinta. A ɗakin dina, ko a soron tsohon gida cikin birni inda haske ke shigowa ta ƙofa ɗaya, farantin da ke karɓar haske a cikinta ya fi faɗi. Ka ɗaga ISO, wato lambar da ake ƙarawa don hoto ya yi haske cikin duhu, har 3200 hoton na nan garau, na tsohuwar kuwa ya fara tsakuwa-tsakuwa. Sai dai rabin laifin na gilashin da aka haɗo ta da shi ne. In ka zuƙo shi ƙarshe f/5.6 yake tsayawa (wannan lambar ita ce ma'aunin ƙofar da haske ke shiga, ƙarama ta fi buɗewa), alhali gilashin 50mm f/1.8, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kyamara ba, yana shigar da haske kusan ninki goma.

Ranar Hawan Daushe ma sabuwa ta fi. Tana bin doki da kanta, tana ɗaukar hoto sama da goma a daƙiƙa, taka ba ta kai huɗu ba. Amma taka tana iya ɗaukar hoto cikin 1/1000 na daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya tsayar da doki a guje. Wanda ya san ta inda mahaya ke sako jahi a Ƙofar Fada, ya kama wuri da wuri rana na bayansa, zai samu hoton.

Ni dai ka fara sayen gilashin. In dina ta zama hanyar cin abincinka duk mako, sannan ka shiga adashin sabuwar.