Sola da batirin litiyam bayan wata takwas: kaya masu kyau, haɗin ganin dama

Tun watan farko na so in rubuta wannan sharhi, uwargida ta ce in bari zuciyata ta huce tukuna, kada in rubuta abin da zan zo ina gogewa. Ta yi gaskiya, don da a lokacin na rubuta, tauraro ɗaya ma da ƙyar zan ba kamfanin da ya haɗa mini sola. Yau wata takwas ke nan da aka ɗora mini farantan sola takwas a kan rufi, kowanne mai wat 550, da inbata mai kilowat 5 irin wadda ke haɗa rana da batir da wutar kamfani wuri guda, sai batirin litiyam mai ɗaukar yunit 10. Ba sai na faɗi abin da suka ci mini ba, duk wanda ya taɓa zuwa tambayar farashi ya san ba kuɗin wasa ba ne.

Ba zan yi ƙaryar cewa tausayin duniya ne ya fara tura ni ba. Janareta ne ya ishe ni, da ƙararsa da warinsa da jan igiya cikin dare. Amma wata rana na zauna na yi lissafi. Litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, nawa kuwa yana shan wajen lita biyar kullum. Sama da kilo 340 ke nan a wata, daga wani ɗan lungu a bayan tagar ɗakin da yarana suke kwana. Lissafin nan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata.

Ranar da aka gama haɗawa, injiniyan kamfanin ya saka mini manhajarsu a waya, ya nuna mini hoton gida da rana da batir, da wasu ƙananan ɗigogi suna gudu tsakaninsu. Ya ce, "Yallaɓai, daga yau ka manta da duhu." Na gaskata shi har na ɗauki janareta na ba ƙanin matata kyauta a mako na biyu. Wannan gaggawar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba.

Mita ce ta fara tona asiri. Yunit ɗin da ke kai mu wata guda tun kafin a saka sola, sai ga shi ya ƙare cikin kwana goma sha ɗaya. Na kira kamfanin solar, yarinyar da ta ɗauka ta ce ƙila akwai abin da ake kunnawa ban sani ba, ko dutsen guga ko na'urar dumama ruwa. Na sake sayen yunit, ya sake tafiya kamar an zuba ruwa a rairayi. Ranar wata Asabar da tsakar rana na bi gidan ɗaki ɗaki na kashe komai, har firij na zare, na zo na tsaya gaban mita. Kun san 'yar jar fitilar nan da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da gida ke sha? Babu ko ƙwan fitila ɗaya a kunne, amma ƙiftawa take kamar ana walda a tsakar gida. Na ɗauki bidiyo na tura musu. Amsar da na samu ita ce mitar ce ta lalace, in je in yi magana da masu wuta. Masu wuta kuma suka ce mitarsu lafiyarta ƙalau, in koma wa wanda ya haɗa mini sola. Mako biyu ana buga ƙwallo da ni.

Sai daren da ba zan manta ba. 'Yata babba tana da jarrabawa washegari, an ɗauke wuta wajen ƙarfe tara. Ban ko motsa daga kujera ba, na ce ai ga ranar da aka sayi batir dominta. Ba a yi minti ashirin ba inbata ta yi wani ɗan kuka sau uku, komai ya mutu. Na haska jikinta da fitilar waya, na ga batir yana kashi 10. Batirin da na gani da idona ya cika fal da azahar, gida kuma babu abin da ya sha in ban da fanka biyu da firij. Yarinya ta ƙarasa karatunta da tocila a hannu, ta ɗago ta ce, "Baba, da ba a ba Kawu injin ba." Ban ce mata komai ba. Uwargida ma ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi mini ciwo.

Washegari na je ofishinsu da kaina na zauna, na ce ba inda zan tafi sai an haɗa ni da mai gyara. Wanda ya yi aikin tun farko wai yana wani aiki a nesa, sai suka haɗa ni da wani matashi da ban taɓa gani ba, siriri, jakar kayan aikinsa duk ta yage. A zuciyata na ce yaro suka turo mini don su rabu da ni. Ko kallon rufi bai yi ba. Ya buɗe akwatin da wayar kamfani ke shigowa gida, ya haska, ya yi tsaki, ya ce, "Baba, zo ka gani." Wani ɗan baƙin zobe ne da ake maƙalawa a jikin babbar waya, bai wuce girman akwatin ashana ba, su suna ce masa CT. Shi ne idon inbata, da shi take gane ko wuta shigowa gida take yi ko fita. A jikinsa akwai 'yar kibiya da ke nuna inda ya kamata ya fuskanta. An maƙala shi a juye.

Yadda ya yi mini bayani, inbatar tana ganin komai a baibai ne. Idan wutata tana fita zuwa layi, sai ta ɗauka gidan ne ke jawo wuta daga waje, sai ta ƙara ƙaimi don ta cike giɓin, ta tura ta rana, ta zazzage ta batir, duk zuwa layin kamfani. Ita kuma mitata irin wadda ba ta san shiga da fita ba ce, duk abin da ya ratsa ta lissafa shi take a matsayin wutar da na sha. Wato wata guda cur ina ba unguwa wuta kyauta, kuma ana cire mini kuɗi a kan kyautar. Yaron ya ɓalle zoben, ya juya shi, ya mayar, ya shiga saitin inbata ya tabbatar an hana ta tura komai waje. Minti goma bai cika ba. Jar fitilar mita ta yi tsit. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

To daga ranar, gaskiya kayan sun yi. Idan aka ɗauke wuta ba ma sani, ko kwamfutar da ke kunne ba ta mutuwa, sai dai mu ji janaretocin maƙwabta sun tashi. A rana mai kyau farantan suna ba ni yunit 18 zuwa 20. Batirin shi ne abin da ya fi burge ni. Na taɓa amfani da na ruwa irin na da, wanda idan ka saba shan fiye da rabinsa sai ya mutu maka da wuri. Wannan na litiyam da ƙarfe da fosfet ne, ana shansa har ya koma kashi 20 ba ya nuna gajiya, kuma irinsa yana jure caji da sauka sau dubbai. Abin da ba su gaya mini ba, na gano da kaina, shi ne wat 550 da ke rubuce a bayan faranti an auna shi ne yana kan zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi ɗaya cikin ɗari. Shi ya sa ranar da ta fi ƙuna ba ita ce ta fi ba da wuta ba. Ƙura ma haka, ranar da na hau na wanke su da sassafe na ga bambanci a manhaja kafin azahar. Watanni bakwai ban sayi ɗigon fetur don wuta ba, bayan tagar yara kuma yanzu shuke-shuken uwarsu ne a wurin. Da a nan zan tsaya, tauraro huɗu ne.

Sai dai duk ranar da na buɗe manhajar da tsakar rana raina yana sake ɓaci. Wajen sha biyu da rabi batir ya cika, gida ba ya shan fiye da wat 600, sai in ga inbata ta rage abin da take karɓa daga kilowat uku da rabi zuwa ɗan abin da gidan ke buƙata. Ragowar ta tafi a banza, rana tana dukan farantai babu mai karɓa. A daidai lokacin kuma wutar da ke shiga gidajen da ke kewaye da ni daga tashar da ke ƙona wani abu take fitowa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, a rahotonsa na 2014, ya ƙiyasta cewa yunit ɗaya na wutar kwal yana jawo wajen giram 820 na kabon, na gas wajen 490, na solar kan rufi kuwa wajen 41, har da hayaƙin ƙera farantan. Ga wuta mai tsabta a kaina, ga masu buƙata a gefena, abin da ya raba mu mita ce da layin da aka gina tun asali don wuta ta riƙa tafiya hanya ɗaya, daga babbar tasha zuwa gida. Jamus tun shekarar 2000 ta yi dokar da ke sa a sayi wutar da mutum ya tura layi daga rufinsa. A Ostareliya kusan gida ɗaya cikin uku yana da sola, kuma a kudancin ƙasar suka girka katafaren batir mai megawat 100 a 2017 don ya riƙa daidaita layi. Na san wannan ba laifin masu sayar da sola ba ne. Laifinsu shi ne ba su tambaye ni wace irin mita gare ni ba kafin su ce in sayi faranti takwas. Da an gaya mini gaskiya, da shida na saya na ƙara kuɗin a batir. Yanzu dabarar da muka koma ita ce a tara wanki da guga da jan ruwa duk a yi su tsakanin sha ɗaya da uku, don kada wutar ta tafi a iska.

Manhajar kuma akwai wani shafi a cikinta da ke ba ni haushi, inda take lissafa mini wai itatuwa nawa na dasa da wutar da na samar. Har watan nan da nake asara ta ko'ina, ita tana ta dasa mini itatuwa. Da ta ɗauki rabin wannan ƙoƙarin ta yi mini gargaɗi cewa batirina yana zubewa zuwa layi, da ba a kai ga daren jarrabawa ba.

Saboda haka tauraro uku nake ba su, kuma ɗaya daga cikin ukun na yaron nan mai yagaggiyar jaka ne. Wanda zai saya, kada ya bari masu haɗawa su tafi sai an kashe komai a gidan da rana tsaka, an tsaya gaban mita tare an ga fitilarta ta yi shiru. Kada kuma ya yi kyauta da janareta sai ya ga dare talatin lafiya.

Kuɗin yunit ɗin da mita ta cinye mini na rubuta musu sau biyu, sun ce ana dubawa. Makon jiya kuma injiniyan farko ya kira ni da fara'arsa, wai yana so ya zo ya ɗauki hoton rufina don tallarsu, tunda aikin ya yi kyau. Na ce masa bismillah, ƙofa a buɗe take, amma ya taho da kuɗin yunit ɗina a aljihu. Ya yi dariya ya ce ranar Laraba yana tafe. Yau Lahadi.