Lambun furannin da aka ƙi sayar min da iri

Wata mai sayen burodina ce ta jawo min wannan tafiyar. Ta dawo daga Istanbul da santin wani burodi da aka barbaɗa wa ƙananan ƙwayoyi masu ruwan toka, ta ce in zan iya yi mata irinsa, to duk Juma'a in kai mata. Sana'ata ke nan, burodi da kek daga kicin ɗina a unguwar Malali, Kaduna. Da na bincika sai na gane 'ya'yan furen fofi ne, wanda Larabawa ke ce wa kashkash. Na je kanti, na ga kuɗin 'yar mitsitsiyar kwalbarsa, na ajiye musu abinsu. A hanya dabara ta faɗo min: ga fili a bayan gida, ga sanyin hunturu, me zai hana in shuka nawa?

Abin da ya kai ni wani lambun masu sayar da furanni ke nan, a bakin titi ta wajen Unguwar Rimi, wanda na daɗe ina wucewa ban taɓa tsayawa ba. Wurin akwai inuwa da tsafta. Dashen mangwaro, gwaba da lemun tsami a jere cikin baƙaƙen ledoji, ga tukwanen siminti, ga buhunan taki. Amma babu wurin ajiye mota, kuma ba a rubuta suna ko farashi a jikin ko shuka ɗaya ba. Kuɗin abu ya danganta da irin motar da aka ga kin fito daga ciki.

Yaron da ya tare ni bai bari na rufe baki ba ya ce, "Akwai, Hajiya." Ya kawo fakiti uku na ƙasar waje, rana ta koɗar da hotunansu, ɗaya ma wa'adinsa ya wuce. Na ce ana cin 'ya'yansu? Ya ce ai fofi duk fofi ne. Har na buɗe jaka, sai ga mai wurin, wani dattijo riƙe da tiyon ban ruwa, ya ce, "Hajiya, ci za a yi ko kallo?"

Na ce ci, Baba. Sai ya karɓe fakitocin daga hannun yaron.

Baba ya ce ya shekara da shekaru yana aikin lambu a gidajen Turawa, kuma bayaninsa ya nuna haka. Da farko ya ce irin shuka ba na baki ba ne, domin sau da yawa ana cuɗa shi da maganin ƙwari da na ruɓa, kamar irin masarar nan da ake rinawa ja. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai jan fure siriri kamar takarda, mai gashi-gashi a kara, shi ne na gonakin Turai, wanda mutanen Ingila ke maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba don tuna sojojinsu. Mai ruwan lemo na Kalifoniya ne, ganyensa kamar na karas, kwansonsa dogo siriri. Na ukun babban fure ne mai baƙin tabo a tsakiya. Duka na kallo ne, babu wanda masu burodi ke nema a cikinsu.

Na burodin, in ji shi, ganyensa sumul yake, kore mai ratsin toka kamar na kabeji, yana rungume da karan. Kwansonsa kamar ƙaramin tulu mai hula, da ƙananan ramuka a ƙarƙashin hular, in ya bushe ka girgiza sai ka ji yana kaɗawa kamar caki. "Wannan kuwa ba na ajiye shi, kuma ba zan samo miki ba." Daga farin ƙaron ɗanyen kwanson nan ake samun ofiyom, uwar mofin da kodin, magungunan ciwo masu sa maye. 'Ya'yan abinci ne a ƙasashe irin su Turkiyya da Jamhuriyar Cek, amma shuka shi a Najeriya neman magana ne da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ni da na fito neman sauƙi, ashe rigima nake shirin dasawa a bayan ɗakina.

Inda ya fi burge ni shi ne da na nuna masa hoto a waya. Akwai wata ciyawa da ta fito kusa da kwatarmu, furenta rawaya, sak na fofi, har na fara yi mata kallon arziki. Yana gani ya tsuke fuska. Ya ce wannan kwarkoro ne, wasu su ce haƙorin kada. Ganyensa ƙaya ne da fararen jijiyoyi, in kika karya karan ruwan da zai fito rawaya ne, 'ya'yansa kuma baƙaƙe ne ƙulu-ƙulu, ba masu siffar ƙoda irin na burodi ba. Ya ce in tuge shi kafin jikokina su fara wasa da kwanson. Da na koma gida na karanta a kansa: sunansa na kimiyya Argemone mexicana, dangin fofi ne na gaske, kuma 'ya'yansa guba ne. A 1998 man girkin da aka gauraya da mansa ya kwantar da dubban mutane a birnin Delhi na Indiya, ƙafafu suka kumbura, wasu zuciya ta gaza, mutum fiye da 60 suka rasu. A ranar na sa safar hannu na tuge shi.

Ban fito hannu rabbana ba. Na sayi na'a-na'a, dashen lemun tsami biyu da rabin buhun taki, bayan ciniki mai tsawo. Na'a-na'ar ta cika tukunya, lemun tsami ɗaya ya kama, ɗayan ya bushe cikin sati biyu. Da na koma na faɗa, Baba ya canza min ba musu, ya dai ce ruwa na cika masa. Wataƙila da gaskiyarsa.

Mai son zuwa ta je da safe, lokacin da dattijon yake nan, ta kuma nemi shi da kansa. Yaran suna da fara'a da saurin ɗaukar kaya zuwa mota, amma komai kika tambaya "akwai" ne, komai kuma "ana ci".

Kwalbar kantin na koma na saya, da tsadarta. Ranar da na kai burodin farko na gaya wa mai shi abu biyu: kada ta ci in tana da gwajin ƙwaya a gaba, domin 'ya'yan kan sa a ga alamar mofin a fitsari, kuma kada ta kuskura ta jefa ko yanki ɗaya a jakar Umararta, don Saudiyya ta haramta shiga da kashkash. Ta ce to, in ƙara mata biyu a na Juma'a mai zuwa.