Sharhi kan ma'aunin GAI na gwada fargaba a wurin tsofaffi

GAI (Geriatric Anxiety Inventory) takardar tambayoyi ce mai jimloli 20 wadda Nancy Pachana da Gerard Byrne da abokan aikinsu suka fitar a Ostireliya a shekarar 2007, domin gano dattijon da fargaba da zulumi suka yi masa yawa. Ana karanta kowace jimla, shi kuma ya ce ya yarda ko bai yarda ba, kuma wannan sauƙin ne ya fara jawo hankalina, domin tsohon da idonsa ko kunnensa ya yi rauni ba ya jure zaɓi huɗu a kan kowace tambaya. Akwai kuma gajeren sigarsa mai jimloli 5 da aka fitar a 2011.

Babban alfanunsa shi ne bai jingina sosai da alamomin jiki ba. Wani ma'aunin fargaba, wato na Beck na 1988 mai tambayoyi 21, yana tambayar bugun zuciya da jiri da rawar hannu da sarƙewar numfashi, alhali waɗannan abubuwa ne da ciwon zuciya ko asma ko illar magunguna ke kawo wa mai shekara 80 ko da hankalinsa a kwance yake. Ta haka makinsa ke hawa, a ɗauka fargaba ce, har a kai ga ba shi maganin kwantar da hankali wanda zai iya ƙara masa haɗarin faɗuwa. GAI ya fi mayar da hankali ga tunanin da ke hana mutum sakewa.

Inda nake da ja shi ne wajen fassara makin. Masu ƙirƙirarsa sun nuna cewa maki 11 zuwa sama na iya zama alamar cutar yawan damuwa, amma wannan iyaka daga mutanen da aka gwada a can aka samo ta, kuma ba daidai ba ne a auna mai shekara 65 da ke zirga-zirgarsa da mai shekara 90 da ke kwance da mizani guda. Ana buƙatar matsakaicin maki na kowane rukunin shekaru, maza da mata, cikin harshen da mutum ke ji.

Sannan GAI bai kama tsoron faɗuwa yadda ya kamata ba, duk da cewa shi ne ke tsare tsofaffi da yawa a ɗaki. Ma'aikacin lafiya ya yi amfani da GAI wajen tantancewar farko, ya tambayi batun tsoron faɗuwa da bakinsa, ya kuma duba magungunan da dattijon ke sha kafin ya yanke hukunci.